Kogi Ɗaya Ya Raba Mu, Amma Kuɗin Wutarsu Ya Ninka Namu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da Hajiya da sauran mutanen gida. Ka tambaye ni nawa ake sayar da yunit ɗin wuta a Amurka, tun da an jefa unguwarku cikin Band A kuɗin kati ya fara gagarar mutane. Tambayar gajera ce, sai dai lamba ɗaya ba za ta amsa ta ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake maimakon in aiko saƙon murya.

Amurka ba ta da farashin wuta guda ɗaya. Kalifoniya ma, jihar da nake zaune, ba ta da shi. Kai, ko a nan Sakaramento, babban birnin jihar, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa ta isa ta ninka maka kuɗin wuta. Akwai wata gada mai launin zinare a tsakiyar gari da ta haye Kogin Sakaramento. Gabashinta, inda muke, wutar wata hukuma muke sha da ake kira SMUD. Da ka taka yammacinta ka shiga Sakaramento ta Yamma, a gundumar Yolo, to ka faɗa hannun kamfanin PG&E. Rana ɗaya ce take dukanmu, gidajen iri ɗaya ne, na'urar sanyaya ɗaki da firji duk daga kantuna ɗaya aka sayo su. Amma a shekarar 2024, idan aka haɗa komai aka raba, mu yunit bai kai mana senti 20 ba (senti 100 ne dala ɗaya), su kuwa yana kai musu wajen senti 40. Ɗauki gidan da ya sha yunit 600 a wata. A wajenmu zai biya dala ɗari da 'yan kai, a hayin kogi kuwa sai ya nemo wajen dala 240. Babu wanda ya zaɓi wannan. Mai wayar da ta ratsa ƙofar gidanka shi ne mai wutarka, kamar yadda mutumin Katsina ko Jigawa ba shi da wani sai KEDCO.

Don ka san inda muka tsaya a cikin ƙasar: matsakaicin farashin gidaje a duk Amurka a waccan shekarar yana tsakanin senti 16 da 17. Jihohin arewa maso yamma masu manyan madatsun ruwa, irin su Washinton da Idaho, suna wajen senti 11 zuwa 12. Hawayi, da ke tsakiyar teku tana ƙona man da jirage suka kawo mata, ta haura 40. Kalifoniya gaba ɗayanta ta ɗan wuce 30, kuma manyan kamfanoni uku ne suka ja ta sama: PG&E a arewa da tsakiya, Southern California Edison a kudu, sai SDG&E na San Diyego. A tsakaninsu kuma akwai garuruwa masu wutar kansu, Los Anjalas, Santa Kilara, Rosbil, Modesto, da mu, waɗanda galibi suke biyan ƙasa da maƙwabtansu.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne cewa ba wutar ce take da tsada ba, kawo ta ne. Ka san ɗan ga-ruwa: abin da yake biya a bakin rijiyar burtsatse kaɗan ne, kuɗin jarkar da yake karɓa a hannunka na turin kura ne, kuma gwargwadon nisan gidanka da munin hanya gwargwadon abin da zai ce. A takardar kuɗin wutar PG&E an raba biyun a fili, ga kuɗin samar da wuta, ga kuɗin kai ta gida, kuma na biyun ya fi na farkon nauyi. Yankin da kamfanin yake bai wa wuta ya kai murabba'in mil 70,000, wato ya ninka jihar Kano sau tara, tun daga Yureka a bakin teku can arewa har zuwa Bekasfil a kudu, da duwatsun Siyera Nebada da dazuzzukansu a ciki. Akwai wuraren da za a ja waya mil da mil cikin daji don gidaje 'yan ƙalilan. SMUD kuwa murabba'in mil 900 ne kacal, yawancinsa shimfiɗaɗɗen fili, mutum miliyan ɗaya da rabi a cunkushe. Kowace falwaya a nan tana da masu biyan kuɗinta da yawa.

To kuma dajin nan yana cin wuta. Damina a nan lokacin sanyi take zuwa, daga Mayu zuwa Oktoba da wuya ka ga ɗigon ruwa, ciyawa ta bushe ƙayau, sannan a ƙarshen rani wata busasshiyar iska mai ƙarfi ta gangaro daga duwatsu. Ranar 8 ga Nuwamba 2018 wata ƙugiyar ƙarfe da ke riƙe da waya a kan wani babban layi mai kusan shekara ɗari ta cinye ta karye. Wayar ta taɓa ƙarfen turken, tartsatsi ya zuba a ciyawa. Kafin rana ta faɗi garin Faradais ya ƙone kusan ƙurmus. Mutum 85 suka mutu, gine-gine fiye da 18,000 suka tafi. A Janairun 2019 kamfanin ya je kotu ya bayyana karayar arziki saboda yawan diyyar da ke kansa. Daga baya ya amince da biyan dala biliyan 13.5 ga waɗanda gobarar nan da wasu da suka gabace ta suka shafa. A Yunin 2020 shugaban kamfanin na lokacin ya tsaya gaban alƙali a gundumar Biyut, ana karanto sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya yana amsa laifin kisa ba da gangan ba, har sau 84. Wannan ya tsaya mini a rai, Yaya, domin ban taɓa jin an gurfanar da kamfanin wuta a kan rai ba sai a nan.

Ba a nan ta tsaya ba. A Yulin 2021 bishiya ta faɗa kan wani layin nasu, gobarar da ta tashi ta cinye kusan eka miliyan ɗaya. A watan ne kamfanin ya sanar cewa zai binne waya mil 10,000 a ƙarƙashin ƙasa a wuraren da suka fi haɗari. Binne mil ɗaya yana cin wajen dala miliyan 3. Ƙara da sare rassan bishiyoyi, da sauya falwayoyi, da kyamarori, da inshora, da asusun gobara na dala biliyan 21 da jihar ta kafa a 2019, wanda rabinsa daga aljihun masu shan wutar manyan kamfanonin yake fitowa. Doka ta hana a ɗora wa jama'a tarar da aka ci kamfani, amma kuɗin gyaran gaba jama'a ne suke biya. Don haka mai haya a Sakaramento ta Yamma, wanda babu daji ko ɗaya kusa da shi, yana biyan kuɗin binne waya a wani ƙauyen kan dutse da bai taɓa zuwa ba, saboda duk yankin kamfanin tukunya ɗaya ce.

Har ɗauke wuta da gangan suna yi. Idan iskar nan ta taso sai su kashe layukan da ke cikin daji don kada waya ta sake tayar da gobara. A Oktoban 2019 sun kashe wa gidaje da shaguna fiye da 700,000 a lokaci guda, wasu kwana da kwanaki. Mutane suka yi ta rububin janareta da ƙanƙara. Wanda ya ce maka ba a ɗauke wuta a ƙasar Turawa, ka ba shi wannan labarin.

Yanzu ga inda ƙasa da daji suka ƙare, mallaka ta fara. PG&E na masu hannun jari ne, ana cinikin hannun jarinsa a kasuwar Niyok. Ba shi yake yanka wa kansa farashi ba. Akwai hukumar jiha mai kwamishinoni biyar, gwamna ke naɗa su, ita take sauraren buƙatarsa duk shekara huɗu ta amince ko ta rage. Yadda aka tsara ribarsa shi ne abin lura. Tun farkon shekarun 1980 Kalifoniya ta raba ribar kamfanin wuta da yawan wutar da ya sayar, don kada ya riƙa zuga mutane su ɓarnatar. Ribarsa tana fitowa ne daga abin da ya gina: an yarje masa wajen kashi 10 cikin 100 a shekara a kan kuɗin masu hannun jari da ya zuba a waya da taransifoma da tashoshi. Ka ga ke nan duk aikin da ya fi cin kuɗi shi ya fi kawo riba. Binne waya ya fi lulluɓe ta da roba tsada nesa ba kusa ba, kuma masu kare haƙƙin masu biyan kuɗin wuta sun daɗe suna cewa wannan na cikin abin da ya sa kamfanin ya fi son binnewa. Kamfanin yana cewa binnewar ce take kashe haɗarin gaba ɗaya, kuma a wasu wuraren ina ganin da gaskiyarsa. Amma a Janairun 2024 kuɗin wuta ya tashi da wajen kashi 13 cikin 100, ba a jima ba aka sanar cewa ribar kamfanin ta 2023 ta haura dala biliyan 2. Duk bayanin da za ka yi wa mai iyali da takardar nan biyu a gabansa, ba zai saurare ka ba.

SMUD ba ta da masu hannun jari. Mu da muke shan wutarta mu ne masu ita. An raba yankin gida bakwai, kowane yanki yana zaɓen darakta ɗaya na shekara huɗu, a takardar ƙuri'a ɗaya da ta gwamna ko shugaban ƙasa. Daraktocin nan su ke yanka farashi, a zaman da kowa zai iya shiga ya tsaya ya faɗi abin da ke ransa. Ba ta biyan harajin riba ga gwamnatin tarayya, kuma idan za ta ci bashi don gini tana samunsa da rangwamen ruwa, saboda masu ba ta ba sa biyan haraji a kan abin da suka samu. Tana da madatsun ruwanta a saman Kogin Amerikan da ta fara ginawa tun ƙarshen shekarun 1950, sannan doka ta bai wa irin waɗannan hukumomi fifiko wajen sayen wuta mai araha daga madatsun gwamnatin tarayya irin su Shasta da Folsom. Wata al'adarta da take burge ni: tun 1990 take raba bishiyoyi kyauta, a zo a duba gidanka a nuna maka inda za ka dasa don inuwa ta rufe bangon yamma. Lissafinsu shi ne inuwa ta fi sabuwar tashar wuta araha.

Ba a banza aka same ta ba. Mutanen Sakaramento sun kaɗa ƙuri'ar kafa ta a 1923, amma sai ranar ƙarshe ta 1946 ta fara ba da wuta. Shekara 23 aka kwashe, yawancinsu a kotu, ana ja-in-ja da PG&E a kan sayar da layukan garin da kuma nawa za a biya. Waɗanda suka fara fafutukar da yawansu ba su ga ranar ba.

Kada ka ɗauka cewa duk abin da jama'a suka mallaka ya tsira daga shirme. SMUD ta gina tashar nukiliya a Ranco Seko, kudu maso gabashin gari, ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1970. Tashar ta yi ta lalacewa, wani lokaci ta fi shekara biyu a rufe, kuɗin wuta ya yi ta hawa a shekarun 1980 har mutane suka fusata. A Yunin 1989 aka kai maganar akwatin zaɓe, masu rinjaye suka ce a rufe, washegari aka kashe ta. Hasumiyoyinta biyu suna nan tsaye a cikin gonakin inabi, yanzu faifan sola ne shimfiɗe a gefensu. An yi asara mai yawa, kuma mutanen gari ne suka biya ta shekara da shekaru. Bambancin da nake gani shi ne masu biyan asarar su ne suke da ikon cewa ya isa haka, kuma suka faɗa aka ji.

Za ka ce to me ya hana mutanen hayin kogi su dawo wajenmu? Sun gwada. A Nuwamban 2006 aka yi ƙuri'a a kan shigar da garuruwan gundumar Yolo, wato Debis, Wudland da Sakaramento ta Yamma, cikin SMUD. PG&E ya kashe miliyoyin daloli wajen kamfe, kuma abin mamaki, mutanen Sakaramento da kansu suka ƙi, don tsoron kada kuɗin sayen layukan can ya hau kansu. Mai araha ba ya son a raba da shi. A 2010 kamfanin ya kashe wajen dala miliyan 46 yana neman a sa doka cewa duk garin da ke son kafa wutar kansa sai ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'a. A nan kam ya sha ƙasa. A 2019, yana tsakiyar shari'ar karayar arziki, birnin San Faransisko ya taya layukan cikin birnin dala biliyan 2.5, kamfanin ya ce albarka. Ni kaina na ga dalilin da ya sa maganar take da wuya: idan kowane birni mai cunkoso ya ɓalle da nasa, wa zai rage ya ɗauki nauyin wayar mutanen kan dutse? Arahar da nake sha, wani ɓangarenta kyakkyawan tsari ne, wani ɓangaren kuwa sa'a ce ta zama a fili.

Mutanen Debis da Wudland sun samu wata rabin mafita a 2018. Sun kafa ƙungiyar da take sayo musu wutar da kanta, PG&E ya ci gaba da kawowa da aiko takarda. Sun samu bakin magana a kan irin wutar da za a saya, amma ragin kuɗin kaɗan ne, tun da nauyin yana wajen kawowa.

Bari in faɗa maka yadda takardar take, don ta sha bamban da kati. A nan sai ka sha kake biya. Mita da kanta take aika karatu ta iska, babu mai zuwa dubawa, babu kuɗin ƙiyasi. Idan taransifoma ta ƙone, ta mai wuta ce, ba a bin gida-gida ana karo-karo. Sannan yunit ba farashi ɗaya gare shi ba ko a gida ɗaya, agogo ne yake yanka shi. A wajenmu, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, ƙarfe 5 zuwa 8 na yamma a ranakun aiki shi ne lokaci mafi tsada, senti talatin da 'yan kai. Daga sha biyun dare zuwa sha biyun rana kuwa, da Asabar da Lahadi, bai kai rabin haka ba. A tsarin da yawancin gidajen PG&E suke kai, tsadar daga ƙarfe 4 ne zuwa 9, har da ƙarshen mako, kuma da ranin 2024 yunit ya riƙa haura senti 50. Wato a shekarar, sa'ar da ta fi kowace tsada a wajenmu ta yi kusan daidai da sa'ar da ta fi araha a wajensu.

Dalilin tsadar yamma shi ne sola. Da rana jihar tana da wutar rana har ta yi yawa, wani lokaci sai an kashe wasu faifan. Da rana ta karkata sai wannan duka ya janye, daidai lokacin da mutane suka dawo gida suka kunna komai, dole a tayar da tashoshin gas da manyan batura. Don haka rayuwar gida ta bi agogo. Muna sanyaya gida sosai kafin biyar, mu rufe labule, mu bar na'urar ta huta har bayan takwas. Wanki da guga sai safiya ko ƙarshen mako. Ƙanwarka ta fi ni tsanani a kan wannan, yaran ma sun san ba a taɓa injin busar da kaya da la'asar. Kuma zafin garin ba na wasa ba ne. Ranar 6 ga Satumba 2022 ya kai kusan digiri 47, wutar da jihar ta ja a ranar ta haura megawat 52,000, har gwamnati ta aika saƙon gaggawa a wayar mutane cewa a rage, aka rage, aka tsallake ba tare da an shiga rabon wuta ba.

Akwai kuma kuɗin da kake biya ko ba ka kunna ko ƙwai ɗaya ba, na zaman waya a gidanka. A SMUD ya kai dala 24.15 a wata a 2024, kuma a watan Mayun shekarar hukumar jiha ta amince manyan kamfanonin uku su ma su fara karɓar daidai wannan adadin, a ɗan rage farashin yunit a madadinsa. Masu ƙaramin ƙarfi suna da rangwame: a yankin kamfanonin ana cire musu kashi 30 zuwa 35 cikin 100, sauran masu biya ne suke cike gurbin, SMUD ma tana da nata tsarin. Wani abin dariya shi ne mu ma ba mu rabu da PG&E ba, domin gas ɗin girki da na ɗumama gida a Sakaramento nasu ne. Da rani takardar SMUD ce mai nauyi, da sanyi tasu.

Abokanmu na Hustan, a jihar Teksas, za su ce maka su suna zaɓen mai sayar musu da wuta. Haka ne, tun 2002 yawancin Teksas a buɗe take, kamfanoni da yawa suna tallar farashi, ka sa hannu na shekara ɗaya ko biyu, amma waya ta kamfani ɗaya ce. A sanyin Fabrairun 2021 farashin sari ya kai dala 9 a kan yunit ɗaya na kwanaki, waɗanda suka ɗaura kuɗinsu a kan farashin sari suka ga takardun dubban daloli. Zaɓi yana da daɗi ga mai karanta ƙananan rubutun yarjejeniya.

Yanzu mu zo kan naira, don na san can hankalinka yake. A Afrilun 2024 aka kai Band A naira 225 a kan yunit, daga sittin da wani abu, daga baya ya dawo wajen 209. Idan ka juya shi da canjin wancan lokacin, tsakanin senti 14 ne da 17. Ma'ana, Yaya, yunit ɗinka da nawa kusan kuɗinsu ɗaya. Kai a Kano kana biyan farashin Sakaramento, a kan alƙawarin awa 20. Inda muka rabu shi ne aljihun da kuɗin yake fitowa. Mafi ƙarancin albashi a Kalifoniya a 2024 dala 16 ne a awa. Ko a farashin PG&E, aikin awa ɗaya yana sayen yunit 40. Mai albashin naira 70,000 kuwa, idan ya zuba albashinsa na wata kaf a mita, yunit ɗari uku da talatin da 'yan kai zai samu, abin da takwaransa na nan zai samu da aikin yini ɗaya da ɗoriya. Saboda haka duk wanda ya ce muku wutar Najeriya ta fi ta ƙasashen waje araha, a dala yake magana, ba a gumi ba. Kuma bai sa kuɗin man janareta da batir da inbata a lissafin ba. Ban ce mutanen nan ba sa kuka ba, haya kaɗai tana cinye rabin albashin mutane da yawa, kuma gidaje masu ɗimbin yawa a jihar suna da bashin wuta a kansu. Amma kukan ba ɗaya ba ne.

Na ga tun da aka sa hannu a dokar wutar lantarki ta 2023 jihohi sun samu ikon kafa hukumominsu da kasuwarsu, wasu irin su Inugu da Ekiti da Ondo har sun karɓa. Idan abin ya yi nisa, ku ma za ku fara ganin abin da nake gani a bakin gadar nan: maƙwabta biyu, farashi biyu. Ba ma sabon abu ba ne a wajenmu, tun 1929 kamfanin NESCO yake samar da wuta daga ruwan Kurra a Filato, kuma mutanen Bukur da kewaye sun daɗe da sanin bambancin layinsa da na gwamnati. Idan maganar ta zo Kano, da madatsun Tiga da Challawa a hannu, tambayoyin da zan so a yi su ne waɗanda suka raba SMUD da maƙwabcinta. Wa yake yanka farashi, kuma wa zai iya cire shi? Ribar mai kamfani daga me take fitowa, daga wutar da ta iso gida ko daga kuɗin da ya ce ya kashe? Sannan idan aka ware birni da masana'antun Sharaɗa da Bompai aka ba su wuta mai kyau, wa zai ɗauki nauyin wayar da za ta je ƙauyukan Doguwa? Ta ukun nan ko Kalifoniya ba ta warware ta ba.

Game da yaron wajenka da yake neman jami'ar Debis, ka gaya masa idan Allah ya sa ya samu, kafin ya sa hannu a takardar haya ya tambayi abu uku: wane ne mai wutar gidan, ko kuɗin wuta yana cikin haya, da kuma ko ɗumama ɗaki da ruwan zafi na gas ne ko na lantarki. Zai iya neman mai gida ya nuna masa abin da aka saba biya a watan Yuli da na Janairu. Debis yankin PG&E ne, kuma ɗaki a saman bene mai kallon yamma zai iya cinye masa duk ragin da ya samu a haya. Idan kuɗin shigarsa kaɗan ne ya nemi rangwamen masu ƙaramin ƙarfi tun watan farko, ta intanet ake cikewa. Wasu ɗaliban suna zama a wannan gefen namu su riƙa hawa bas, tafiyar ba ta fi mil 15 ba, sai dai ya haɗa da kuɗin mota da cunkoson safiya a kan doguwar gadar Yolo kafin ya yanke shawara.